Mutum Uku da Ke Riƙe da Kunnen Matameye

Mun tashi daga Zinder ana idar da sallar asuba, ni da mawaƙin da muke aiki tare shekara shida ke nan. Da yawanku kun san sana'ata. Ni ba na waƙa, kiɗa nake haɗawa a kwamfuta, cikin wani ɗan ɗaki da na liƙe bangonsa da kwalin ƙwai. Kun yi ta tambaya me ya kai mu Matameye da wannan zafin bazara, me kuma ya sa na dawo na yi shiru. To, ga yadda aka yi.

Waƙa ɗaya muka ɗauka, wadda muka yi wata takwas muna fama da ita. Har gida na bi wani tsohon makaɗin kalangu na naɗi kiɗansa, na yayyanka, na ɗora a kan ganga mai nauyi ta kwamfuta, na rage mata gudu. A Zinder duk wanda ya ji sai ya gyaɗa kai ya ce ta yi, amma ba wanda ya sa ta a biki. Wani direba ne ya ba mu shawara, ya ce in muna so waƙa ta yi tafiya mu kai ta Matameye, daga can take bin 'yan cin rani ta Ɗan Barto ta tsallaka Najeriya. Ni kuwa na riga na gaya wa kaina wannan ce ta ƙarshe. In ba ta karɓu ba, zan koma gyaran radiyo da na baro.

Motar da muka shiga ta ga jiya ta ga yau. Kuɗin kujera ya ƙaru, direba ya ce laifin tsadar mai ne, amma kujerar ba ta ƙara faɗi ba. Buhun albasa ya tokare mini gwiwa, na rungume jakar kwamfuta kamar mai jego. Zuwa Takeita hanya lafiya lau. Da muka karya kudu sai kwalta ta fara wasan ɓuya, ka gan ta nan, ka rasa ta can. Gonaki duk an share ana jiran ruwa, gawo ya fara kakkaɓe ganye, sama kuwa fari tas.

Tun daga tasha direba ya kunna waƙoƙi, kuma kafin mu kai Kance na lura da wani abu. Mawaƙa suna canzawa, kiɗan bai canza ba. Gudu ɗaya, siririyar muryar piyano ɗaya, har wurin da ganga ke yankewa ta dawo duk ɗaya ne. Na tambayi dattijon da ke kusa da ni ko faifan mutum ɗaya ne. Ya ce a'a, kiɗan garinsu ne haka. Yadda ya faɗa, kamar mai nuna maka gonarsa.

A Kance taya ta yi faci, muka sauka muka sha koko da ƙosai a tsaye. Mangwaro ya yi araha, kashi guda dala ashirin, sai dai ƙuda sun riga mu ciniki. Hantsi ya dubi ludayi muka shiga Matameye, aka yi sa'a ko rashin sa'a ranar kasuwa ce. Amalanke, kabu-kabu, masu gero, masu tabarmi, da 'yan cin rani da suka fara dawowa noma, kowa da jaka a kafaɗa da waya a hannu.

Mutum na farko da aka nuna mana shi ne Sallau mai tura waƙa. Rumfarsa tana bakin tasha, da allon hasken rana a kan rufi, da wayoyi sun fi talatin a jere suna shan wuta, da wata kwamfuta mai fasasshen gilashi. Na tsaya na kalli cinikinsa. Mutum zai miƙo katin wayarsa ya ce, "Zuba mini na yayi." Shi ke nan. Ba wanda ya faɗi sunan waƙa. Abin da Sallau ya zuba, shi za a ji a gona, a bakin rijiya, a cikin mota har Kano.

Muka gaisa, na miƙa masa waƙar. Ya sa abin sauraro a kunne ɗaya, ɗayan kunnen yana wurin wani mai ƙorafin batir. Ban gama share gumin goshina ba ya cire.

"Ta yi sanyi," ya ce. "Ku je wurin Ɗanjuma. In ya buga ta a biki mata suka zo nemanta, ni mai zubawa ne."

Wata takwas, ya auna ta kafin mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa.

Ɗanjuma shi ne mai manyan lasifika da injin wuta da ake haya a bukukuwa, kuma ɗakin naɗar waƙa ɗaya tilo da ke garin nasa ne. Yana wani lungu bayan kasuwa, jikin masu niƙa. Mun tarar babu kuran, wato an ɗauke wuta, shi kuma ya fita neman mai. Muka zauna a dakali har azahar. Wata mata ta sayar mana da dambu da kwaɗon zogale, ta zuba mai ba rowa, shi ne abu mafi daɗi da ya same ni a wannan tafiya. Mawaƙina ya yi barci a zaune, bakinsa buɗe.

Da Ɗanjuma ya dawo ya karɓe mu hannu biyu. Mutum ne mai fara'a, ya haura talatin, a Kano ya koyi taɓa kwamfuta lokacin da yake cin rani. Shi kam ya saurari kusan rabi. Sannan ya ba mu tarihi, ba mu tambaya ba. Ya ce da can duk waƙar da za a taka a Matameye daga ƙetaren iyaka take zuwa, ɗan gari ko ya yi waƙa sai dai ya rera wa matarsa. Sai wata rana Hajiya Tabawa, shugabar ƙungiyar matan gari, wadda ba a biki sai da hannunta, ta zo ɗakin nan ta ce ta gaji da rawar da ba tata ba. Ta ɗauki farantin shayinsa ta kife a cinya, ta buga masa yadda ƙafar matan nan take so. Ya kwaikwaya a kwamfuta, ta ce bai yi ba, ya sake, har sai da ta miƙe ta taka. Suka kira Sallau suka yi magana ɗaya: shi Ɗanjuma ya haɗa ya buga, Hajiya ta taka, Sallau ya zuba. Kiɗan da na ji a mota daga farantin nan ya fito.

"Yanzu 'yan garin nan ana kiran sunansu har Daura," in ji shi. "Akwai biki bayan la'asar a hanyar Yauri, zan sa taku. Amma ku fara zuwa ku gaida Hajiya. Ni lasifika ce tawa, fili nata ne."

Kabu-kabu ya kai mu, yashi yana neman kayar da mu sau biyu. Mun sami Hajiya a bayan gidan biki tsakanin tukwane, mace mai jiki, ta ba sittin baya, tana ba da umarni ba tare da ta ɗaga murya ba. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ta karɓi wayata ta kara a kunne. A cikin su ukun ita kaɗai ta ji waƙar daga farko har ƙarshe, duk da tana yi tana nuna wa wata inda za a sauke shinkafa.

Ta miƙo mini wayar ta ce, "Ɗana, wa ya rasu?"

Matan da ke wurin suka yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

"Mai kalangun nan tsoho ne, ya san aiki," ta ce. "Kai ne ka ɗaure masa ƙafa. Kuma ina wurin da za a kira sunan amarya da na uwarta? Ka cika ko'ina da kayanka, ba ka bar wa mutane ƙofa ba. Kiɗanka na masu zama ne. Mu yini muke a tsaye, in mun samu fili so muke mu zubar da gajiya."

Na ce, "Hajiya, a gwada dai a gani."

"A gwada mana. Fili na Allah ne."

Bayan la'asar aka tada inji. Mata sun yi da'ira cikin anko ruwan goro, ana ta takawa, ƙasa na tashi. Waƙa ta biyar ko ta shida Ɗanjuma ya dube ni ya ɗaga gira, ya saki tamu. Kalangun ya fito daga lasifikar nan da kyau irin wanda ban taɓa ji ba a ɗakina. Da'irar ta tsaya cak. Sai wata mata mai goyo ta shigo tsakiya, ta sunkuyar da kafaɗa, ta fara laluben takun. Wallahi ta kusa samu, na ga ƙafarta ta kama. Wasu biyu suka fara kaɗa kai. Sai mai goyon ta waiga wajen Hajiya.

Hajiya na zaune a kujerarta tana fifita da mafici. Ba ta ɓata rai ba, ba ta ce komai ba, ba ta dai motsa ba. Matar ta yi 'yar dariya ta rufe baki da mayafi ta koma gefe. Ɗanjuma ya canza waƙa, fili ya sake cika. Ban jin mun kai minti ɗaya.

Da aka tsaya hutawa Ɗanjuma ya ja mu gefe. Ya ce muryar ta yi masa, baitocin ma sun yi. In mun yarda a cire kiɗan, ya ɗora muryar a kan nasa, ya buɗe wurin kiran suna, kafin sallah waƙar za ta zaga gari. Yana magana yana kallona, don ya san abin da yake nema. Mawaƙina ya sunkuyar da kai yana wasa da yashi da ƙafa.

Muka taka zuwa bakin hanya ni da mawaƙina. Can ya ce, "Yaya, 'ya'yana uku. Shekara shida ina waƙa, ko sau ɗaya ba a taɓa gayyatata biki ba."

Na so in tuna masa ranar da ya zo mini bai san inda ake shiga kiɗa ba. Na duba na ga ba amfani, kuma gaskiya ya faɗa. Na zauna a gindin wata bedi na buɗe kwamfuta a cinya, na ware muryarsa ita kaɗai ba kiɗa, na zuba masa a kati da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu yana cewa in yafe masa. Na ce ba abin yafewa, Allah ya sa albarka. Ya koma wajen bikin, ni na nemi gidan wani ɗan'uwan mahaifiyata na kwana.

Da safe na kama hanya ni kaɗai. Hadari ya haɗu ta gabas har mutanen mota suka fara murna, kafin Takeita iska ta watsa shi. Wannan karon na samu gefen taga, amma bayana da wuyana duk ciwo suke. Na yi ta juya maganar gyaran radiyo a raina, na kasa yanke komai, har yau ban yanke ba. Ana kiran azahar na shiga gida, na yi wanka na kwanta, ban farka ba sai la'asar sakaliya.

Abin da na gano a tafiyar nan shi ne, kunnen gari guda yana iya zama a hannun mutum uku: mai rumfa, mai lasifika, da mace ɗaya a kan kujera. Ba mugaye ba ne. Ba don su ba, da har yau ba a san ɗan Matameye yana waƙa ba. Sun yi gini inda babu komai, sai dai ginin ƙofa ɗaya gare shi, kuma daidai tsayinsu suka yanka ta. Ban ce kiɗana ya fi nasu ba, wataƙila Hajiya ta fi ni gaskiya. Abin da ya tsaya mini a rai matar nan ce mai goyo. Da an bar ta minti biyu, da mun san ko waƙar ce ba ta yi ba. Yanzu ba wanda zai taɓa sani.

Ina cikin wannan tunani washegari na shiga ɗakin aiki, idona ya faɗa kan wani gwangwanin madara da ke bayan kwamfuta. Cike yake da katunan da mutane ke kawo mini in ji waƙoƙinsu. Wasu na ji farkonsu na ce su dawo wani lokaci, wasu ko sawa ban yi ba. A unguwarmu ashe ni ne Sallau, ni ne mai maficin. Akwai na wata malamar lakwal, wato makarantar boko, da ta zo har sau uku, kullum in ce mata aiki ya yi mini yawa. Na lalubo nata na sa. Waƙar doguwa ce, muryar tana rawa, kuma ba irin wadda nake so ba ce. Sau biyu hannuna yana kaiwa zai kashe, ina janye shi. Da ta ƙare na kira ta na ce ta zo ranar Asabar.

Ta ce, "Malam, har ƙarshe ka ji?"

Na ce har ƙarshe.