Audugar Gwaggo a Ƙofar Kuyambana

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Birnin Zazzau, ni da ƙanena. Saƙo ne ya zo wa Baba cewa yayarsa, Gwaggo, ta daina cin abinci. Ba ta da ɗa, ta kuma ƙi dawowa ƙauye, tana zaune gidan wata Hajiya mai riƙon tsofaffi marasa kowa.

Damina ce, hanya duk taɓo. Jakinmu na ganin rafi ya turje, sai da muka yi masa magiya kamar suruki. A bakin ganuwa muka sha fura mai tsami, goro kuwa tsadarsa ta sa muka gaishe shi daga nesa. Muka shiga ta Ƙofar Kuyambana, muka bi lungu har gidan.

Gida tsaf, tuwo a kan kari. Amma tsofaffi bakwai na zaune jigum a inuwa, hannuwa bisa cinya. Hajiya ta ce ko tsintsiya ba ta bari su taɓa, ai sun yi nasu, sai hutu. Gwaggo ta rame har na ji tsoro.

Na buɗe ƙwaryar tsaraba, ƙwan zabi ne da muka jera cikin auduga don kada su fashe. Ko kallon ƙwan ba ta yi ba. Ta tsamo audugar, ta murza ta da yatsu.

"Wa ya gurje wannan? Duk ƙwara."

Ta ce a nemo mata mazari, sandar kaɗi. Hajiya ta so hanawa don kunya, na roƙe ta, aka aro a maƙwabta. Kafin azahar tsofaffin sun kewaye Gwaggo, wannan na cire ƙwara, waccan na kushe zaren, wata makauniya na ja musu waƙar kaɗi. Gardama ta kaure kan wadda ta fi iyawa. Raina ya yi fari ƙal.

Washegari muka juyo, bayan Hajiya ta yi alkawarin sayo auduga duk mako. A hanya na yi ta tunanin cewa mun iya ciyar da tsoho, amma mukan ƙwace masa aikin hannunsa, mu ce girmamawa ce.

Baba na ƙofar gida yana jira. Ko akumarin jaki ban sauke ba ya ce, "Ta ci?"

"Ta ci, Baba. Har ta ce miyar ba gishiri."