Ranar da 'Ya'yan Masu Iyaye Ba Su Zo Ba

Talata ce, da kaka, ba a kai ga yankan dawa ba. Na idar da sallar asuba na ɗora ruwan kunu kamar kullum. Makarantar tamu aji biyu ce da rumbu ɗaya, a wani ƙauye tsakanin Gafasa da Toranke. Mutanen gari suka gina ta. Su ne kuma ke zuba dammunan gero a rumbun saboda marayun da nake riƙo, yawancinsu 'ya'yan mutanen gabas da rikici ya koro. Ni ce malamarsu, ni ce mai wanki da kitso.

A cikinsu akwai Falmata, 'yar shekara shida. Ba ta cika magana ba. Da ta ji an ɗaga murya, ko faɗan maƙwabta ne, sai ta haye rumbu ta lafe cikin gero. Malam Sule, abokin aikina, shi ke ciro ta yana tsokanarta da gafiyar rumbu.

Da hantsi na buga ƙarfe. Marayu suka shiga aji. 'Ya'yan gari ko ɗaya bai zo ba. Malam Sule ma shiru. Na leƙa ta katanga na tambayi maƙwabciyata, "Yaya Lami, ina su Auwalu yau?" Ta ce zazzaɓi, ba ta ko ɗago kai ba. Wane irin zazzaɓi ne zai kama gari kaf rana ɗaya ya tsallake marayu? 

Na san maganar da ke yawo. Wani yaro ya ɓata ranar kasuwa a ƙauyen gaba, sai aka fara raɗa wai wa ya san inda nake samo yarana. Yaran da aka damƙa min ɗaya bayan ɗaya a gaban mai unguwa. Abin ya ƙona min rai, amma na ce magana ce, za ta wuce.

Rana na dab da tsakiya na ji kukan babura. Suka mutu lokaci guda. Dutse ya sauka a kan kwanon aji.

Daga waje wasu maza suka daka tsawa, "A fito da 'ya'yan mutane!"

Na ce wa manyan, "Ta baya! Ku shiga dawa!" Na goya auta, na ja biyu a hannu. Na hango ɗankwali ruwan ɗorawa yana gudu a gaba, irin na Falmata. Na ce alhamdulillahi. Sai warin fetur. Sai ƙarar gero yana fashewa a wuta, fat, fat, fat.

Ganyen dawa yana yankan fuskokinmu. Ba wanda ya yi kuka, yaran nan sun san gudu tun kafin su san ni. Muna tsakiyar gonaki aka kira azahar a masallacinmu. Muryar ladan ba ta ko girgiza ba. Duk wanda na hango a gona sai na kauce, don ban san kuma wa ke namu ba.

Da la'asar muka isa gidan yayana a gefen Toranke. Na jera su a zaure ina kiran suna. Mai ɗankwali ruwan ɗorawa ta juyo. Hajara ce, ba Falmata ba.

Washegari aka ga yaron da ya ɓata a Balan, gidan kakarsa, yana cin ɗumame. A ranar aka tone tokar rumbu.

Malam Sule ya zo ta'aziyya. Ya durƙusa ya ce, "Wallahi Malama, na ɗauka gargaɗi kawai za su yi." Ashe ya sani. Yaya Lami ma ta sani. Duk mai ɗa an gaya masa ya riƙe ɗansa a gida. Nawa ba su da wanda za a gaya wa sai ni, ni kuwa ba a gaya min ba. Na tashi na shige ciki.

Yanzu a zauren yayana nake koyar da su. In baƙo ya yi sallama, hannunsa nake fara kallo. Kullum da safe ina dama kunu, kuma har yau hannuna bai koyi sabon awo ba. Kofi ɗaya kan rage. Yaran ba sa taɓa shi, nan yake hucewa.