Haruffa Takwas na Gagarawa

Shekarun baya, wajen ƙarshen shekarun casa'in, ina aiki a wani ƙaramin ofishi a Gumel da ke tsara rigakafin shanu. Ni ne “mai kwamfuta” na ofishin, don na yi kwas na wata shida a Kano, kaina kuwa ya fasu.

Na rubuta wani ɗan shiri da ke harhaɗa sunayen makiyaya, ya ware wa kowane gari fayil ɗinsa, sannan ya buga takardar da masu allura za su bi. A gida na rubuta shi, a kan sabuwar kwamfutar da yayana ya bar mini, mai linzami da hotuna. Ta ofis kuwa tsohuwa ce mai baƙin allo, sai ka rubuta mata umarni. Mai zama a gabanta wata abokiyar aikina ce 'yar Filato, dattijuwa, kowa Madam yake ce mata. Ta daɗe tana buga tafireta tun kafin in gama sakandare.

Masu allura suka zaga Maigatari, Sule Tankarkar da Ɗanzomo, amma suka tsallake rugagen Gagarawa. Wata safiya sai ga Arɗon wurin a ofis, ya ce wa shugabanmu, “Yallaɓai, laifin me muka yi? Mun riga kowa kawo sunaye, ga ciwon huhu ya ɓulla a maƙwabta.” Aka ɗauko takardar. A ƙarƙashin Gagarawa babu kowa sai mutanen Gagarawa Tasha, wanda wani gari ne daban.

Shugaba ya juyo gare ni. Ko tunani ban yi ba na ce, “Ranka ya daɗe, a tawa kwamfutar lafiya lau shirin yake aiki. Sai dai ko wani hannu ya goge.” Ban ambaci sunan kowa ba, amma hannu ɗaya ne ke taɓa na'urar. Aka ba Madam takardar tuhuma, ta amsa cikin kwana uku ko a rubuta wa hedikwata. Saura mata shekara biyu ta yi ritaya, kuma ba a taɓa samun ta da laifi ba.

Ba ta yi musu ba. Washegari ta tashi daga kujerarta ta ce, “Malam, zauna ka yi da hannunka, ina kallo.” Na zauna ina ɗan murmushin masana. Na kunna shirin, Gagarawa ta ɓace. Na sake, ta sake ɓacewa. Na ɗora wa faifan da na kawo shirin a ciki laifi, na ɗora wa janareta, har ƙura sai da na zarga. Abin dai ya ci sunan garin, ya gagara.

Da ta ga gumi ya jiƙe mini riga, sai ta sa yatsa a kan allon ta ce, “Malam, ni ban yi kwas ba. Amma wannan tsohuwar ba ta iya riƙe sunan da ya wuce harafi takwas. Dubi, MAIGATAR take rubutawa. Ga SULETANK. To ƙirga Gagarawa.”

Na ƙirga da yatsu kamar ɗan aji ɗaya. Takwas cif. Ke nan in na'urar ta zo kan Gagarawa Tasha sai ta datse Tasha, sunan ya koma Gagarawa, ta zuba sabon fayil a kan na farko ba tare da ta ce uffan ba. Tawa ta gida tana karɓar dogon suna, shi ya sa ban taɓa gani ba. Gyaran bai kai minti goma ba: na mai da Tasha gaba, na kuma sa shirin ya riƙa tsayawa ya yi tambaya kafin ya rubuta a kan wani fayil. Sunayen mutanen Arɗo suka fito reras.

Tafiya ofishin shugaba ce ta fi gyaran wuya. Na tsaya a gabansa na ce laifina ne, Madam ce ma ta gano. Ya ɗauko takardar tuhumar ya yaga. Kwana biyu bayan haka aka yi wa shanun Gagarawa allura, kuma Allah ya kiyaye, ciwon bai shiga ba.

Da na je ba ta haƙuri, sai ta yi dariya ta ce, “Ba komai, ɗana. Ita na'ura sunan gari ta yanke, ba ta sani ba. Kai kuwa nawa sunan ka kusa ɓatawa.” Na ji kunyar da har yau ban manta ba.

Yanzu ina koyar da matasa wannan aikin, kuma yawancinsu sun fi ni kai. Duk wanda ya ce mini “a tawa yana aiki”, sai in tura shi ya gwada a ta mutane, ya kuma saurari mai zama a gabanta kullum. Madam ta yi ritaya da fayil ɗinta fes, ta koma gida. Duk Kirsimeti nakan kira ta a waya, kuma kafin in gama sallama sai in ji ta ce, “A'a, Malam Takwas! Ya Gagarawa?”