Kaset Ɗaya Tilo na 'Yan Fank ɗin Tudun Wada

Duk masanin da zai rubuta tarihin kiɗa a ƙasar Zazzau, idan ya tsallake wani gareji da ke bayan layin masu gyaran rediyo a Tudun Wada, to littafinsa bai cika ba. A iya sanina, a nan aka kafa ƙungiyar fank ta farko a garin nan, a nan kuma ta ƙarshe ta watse. Ƙungiya ɗaya ce. Ni ne mai kaɗa mata ganga.

Fank kiɗan Turawa ne na samari masu fushi: kamun yatsu iri uku kacal a jita, ganga da gudu kamar an biyo mutum, murya a sama. Akwai mai ɗaci, akwai kuma wanda aka zuba wa sukari har ana iya bin amshinsa. Mu na sukarin muka ɗauka, daga wani faifai da mai jitarmu ya tsinto a Sabon Gari. Mu huɗu ne, mun gama sakandare, jami'a ba ta tuna da mu ba tukuna: ni, da mai jita, da mai jitar bes mai kaurin amo, sai mawaƙinmu, ɗan gidan malamai. Shi ke rubuta waƙoƙin, da Hausa, a kan zaman jiran sakamako da kuma wata yarinya ta Tudun Jukun da ba ta san yana duniya ba. Makarantar allo ce ta gyara masa harshe, shi ya sa ko ihu ya yi sai ka ji kowane harafi ya fita da haƙƙinsa.

Littattafan da na karanta daga baya sun ce ran wannan kiɗa shi ne raina manya. Ashe tun daga tushe muka faɗi. Da an kira salla sai mu ajiye kaya. Idan Innar mai garejin ta zo wucewa, mu huɗu a durƙushe. Mai bes ya taɓa miƙar da gashinsa tsaye da man kitso, irin na hoton faifan, amma sai ya kifa hula kafin ya fita titi. Tawayen nasa mu uku kaɗai muka gani.

Shekara biyu muna gwaji tsakanin la'asar da magariba, ranakun da aka kawo wuta. Wasa a gaban jama'a kuwa sau ɗaya muka yi. Wata makarantar kuɗi a Hanwa ta ba mu minti goma a bikin ƙarshen shekara, bayan muhawara, kafin rabon kyaututtuka. Makarantar ta ɗauko wani dattijo mai ɗaukar taro a kaset, wanda ya tsufa a walima da saukar karatu. Muka roƙe shi ya ba mu namu idan an tashi.

Waƙar farko minti biyu ce, kuma har yau ban sake samun irinsu ba. Yara suka hau kan benci. Na ga ƙafar wata malama tana motsi a ƙarƙashin tebur. Muka shiga ta biyu, muna daf da amshi, sai ƙofa ta buɗe. Babban baƙo ne ya iso a makare: tsohon alƙali, yayan mahaifin mawaƙinmu. Babu wanda ya ce mu tsaya. Hannuwanmu ne suka tsaya da kansu. Mawaƙin ya durƙusa, abin magana na hannunsa.

"Allah ya gafarta Malam, barka da isowa."

"A'a, kai ne a nan? Ya mahaifin naka? Ya ƙafar tasa?"

"Da sauƙi, Allah ya gafarta Malam."

"Wancan mai dukan kwanonin fa, ɗan gidan wa ne?"

Na faɗi gidanmu. Ashe sun yi karatu da kakana. Haka ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, iyaye da kakanni da waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Da ya gama sai ya ce, "To, ku ci gaba da abin da kuke yi, kada in tsayar da ku." A lokacin hedimasta ya riga ya miƙe da takardar kyaututtuka.

Ba mu taɓa zama mun ce an rabu ba. Jami'a ce ta kira mu a gurare daban-daban. Mai jita yana sayar da tayil a Kaduna, mai bes ya yi sanƙo, ni ina koyar da adabi ga yaran da ke jiran a buga ƙararrawa. Mawaƙin ya zama magatakarda, bai sake ɗaga murya ba ko a kan 'ya'yansa. Kaset ɗin yana wurina, cikin akwatin takardun shaida. Ban taɓa sa shi ba. Da farko na ce babu gaggawa, daga baya na ce rediyo zai tauna zaren, daga baya rediyon ma babu. Gaskiyar ita ce, muddin yana cikin akwati, mun iya kiɗa.

Bara mawaƙin ya rasu, jinyar kwana shida. Bayan sadakar arba'in babbar 'yarsa, wadda ke jami'a, ta zo gidana tare da mahaifiyarta.

"Baba, wai da gaske Abbanmu ya yi waƙa? Umma ta ce ku kuka san wannan haukar."

"Hauka? Tarihi dai, 'yar nan."

Ba ta yi dariya ba. "Ba mu da muryarsa, Baba. Ko a waya. Ba ya tura saƙon murya, sai dai ya rubuta. Na fara mantawa da yadda take."

Na ce ta kwantar da hankalinta, waƙa ɗaya da rabi na nan a ajiye, da muryar da Tudun Wada ba ta sake jin irinta ba.

Ranar Asabar da hantsi ni da yarinyar muka je layin masu gyaran rediyo. Garejinmu yanzu shagon ruwan leda ne. Na nuna mata, ta gyaɗa kai saboda ladabi. Mutum ɗaya ya rage mai rediyon kaset da ke aiki, wani tsoho mai tabarau ɗaure da zare. Ya hure ƙura, ya juya zaren da biro, ya danna. Aka ɗan ji shuuu. Sai murya ta fito tar.

"Allah ya gafarta Malam, barka da isowa."

Yarinyar ta dafe bakinta da mayafi. Ni kuwa na ce, "Malam, mayar da shi farko."

"Farkon ke nan."

"To juya bayan."

Bayan kaset ɗin, rabon kyaututtuka ne. Tsohon ya duba rubutun jikin kaset ɗin, ya gane hannun. "Ai marigayi dattijon nan mai ɗaukar walima ne ya ɗauka. Shi ba ya ɓarnar kaset. Ba ya danna jan maɓallin ɗauka sai babba ya shigo. In ya ji ƙara kafin nan, ya san gwajin kaya ake yi."

Yarinyar ta ce a juya mata shi a waya haka nan. Ta saurara sau biyu a kan bencin, ta yi mini godiya har da durƙusawa, irin tarbiyyar gidansu. Minti tara ne. Mahaifinta ya ce "lafiya lau" sau goma sha ɗaya, "da sauƙi" sau biyu. Ganga ba ta fito ko sau ɗaya ba.