Horon Wata Shida

Yayana kafinta ne, kuma duk bencin da ke cocinmu shi ya yi shi da hannunsa. Ashirin da biyu ne a jere, daga gaban mumbari har bakin ƙofa. Shi kuwa a na ƙarshen yake zama, wanda ke jikin bango kusa da inda ake jingina tsintsiya, kuma shekararsa ashirin da bakwai a kai. Sababbin zuwa suna ɗauka tawali'u ne. Wasu su ce iska yake sha, wasu su ce ƙofa yake gadi. Ni da muka fito ciki ɗaya na san babu ko ɗaya, kunya ce da taurin kai suka taru suka yi masa katutu.

Yana da shekara ashirin da huɗu aka sa musu rana da matarsa, saura wata uku aure sai ciki ya bayyana. Ba a kansu aka fara ba, ba kuma a kansu aka ƙare ba. A cocinmu idan haka ta faru dattawa sukan sa mutum a horo. Za a faɗi laifinsa a gaban jama'a, ya koma bencin baya, ba ya cin Jibin Ubangiji, har sai wa'adi ya cika fasto ya kira sunansa ya dawo cikin 'yan'uwa. Wata shida aka yanka musu. Ina 'yar shekara goma sha biyar a lokacin, a kan idona Yaya ya taka daga cikin mawaƙa zuwa baya kansa a sunkuye, mahaifiyarmu ta ja mayafi ta rufe fuska.

A wata na biyar aka yi wa faston canjin wurin aiki. Wanda ya gaje shi ya tarar da rufi yana yoyo, dattawa kuma ba sa ga maciji da juna, babu wanda ya tuna ya gaya masa akwai masu jiran kira. Matar Yaya mace ce mai kan gado. Ta ƙirga wata shida a yatsunta, ranar Lahadi ta saɓa jaririyarta ta wuce wurin mata ta zauna, ba wanda ya ce mata kanzil. Shi kuwa gogan ya ce ba a kira shi ba.

Da farko mun ɗauka abin na mako biyu ne. Ashe mun yi sake. Shekara ta zagayo yana nan, aka yaye yarinyar yana nan, ta shiga makaranta yana nan. Da ƙafar bencin ta ruɓe sai ya zo da kayan aikinsa ya sake mata sabuwa, ya shafa mai, ya koma ya zauna. Faifan katakon da ake jera ƙananan kofunan jibi a ciki ma shi ya yi, ramuka arba'in, ya goge kowanne har yana sheƙi, bai taɓa ɗaukar kofi ɗaya daga ciki ba. Da an fara kiran layi-layi sai ya dafe goshi ya rufe ido har a gama.

A gida ma haka abin yake. Bai taɓa kiran abin da ya faru da sunansa ba, sai dai ya ce “abin nan”. Hoton aurensu ya sauke shi daga bango ya cusa a ƙarƙashin akwati don kada wani ya lura da cikin. Idan za su fita da matarsa sai ya ba ta rata kamar ba su san juna ba. Ta taɓa ce mini tunda suke bai taɓa riƙe hannunta da rana ba. Na ce to yara huɗun da suka biyo baya fa, daga sama suka faɗo? Ta yi dariya har da hawaye, amma hawayen bai tsaya tare da dariyar ba.

Na yi magana har bakina ya gaji. Na je shagonsa na tsaya cikin garin katako ina karanta masa ayoyin gafara, yana jan zarto kamar da bango nake. Na tambaye shi ko zunubinsa ya fi ƙarfin jinin Yesu ne. Ya ce a'a, Allah ya kiyaye, shi dai wanda ya ɗaure shi ne zai kwance. Na ce mutumin ya rasu shekara tara da suka wuce, kai ka ƙera akwatin gawarsa. Ya ce to. Wannan “to” ɗin nasa ta fi zagi ciwo.

Fastonmu na yanzu matashi ne mai haƙuri. Da na kai masa maganar sai ya riƙe baki, ya tambayi dattawa, tsofaffin cikinsu suka hau kallon juna, ɗaya ya ce shi ya ɗauka saboda dogayen ƙafafunsa ne yake zama can. Na raka Fasto har shago, ya ce wa Yaya zai kira sunansa ranar Lahadi a rufe maganar. Nan Yaya ya ajiye guduma, ya roƙe shi don girman Allah kada ya yi, wai za a tono abin da yara ba su sani ba. Ka ji mutum. A kira shi, ya ce tonon asiri, a ƙyale shi, ya ce ba a kira shi ba. Na fita na bar su kafin in faɗi abin da ni ma zai kai ni bencin.

Ana haka auren 'yarsa ta fari ya taso, wadda yake kira Uwata. Ma'aikaciyar jinya ce, kuma duk cikin 'ya'yansa babu wadda yake ji da ita kamarta. Ta ce abu ɗaya take so, mahaifinta ya riƙe hannunta daga ƙofa ya kai ta gaban mumbari. Ya ce ƙaninmu zai yi. Ta roƙa, ta yi fushi, ta aika masa uwarta, ya yi mursisi. Sai ta zo wurina ta ce, Gwaggo, me na yi wa Baba?

Ni kuma bakina ba ya riƙe magana, na kwashe duka na gaya mata. Zancen cikin ba sabo ba ne a wurinta, mai aikin asibiti ai ta iya ƙirga wata tun tuni. Abin da ba ta sani ba shi ne dalilin bencin. Ta ce ashe duk Lahadin da take ɗaga masa hannu tana yarinya, zaman laifin haihuwarta yake yi. Ta ɗauki jakarta ta tafi ko ruwa ba ta sha ba. Na zauna ina tsine wa bakina.

Lahadin da ta biyo baya ranar jibi ce, saura kwana shida aure. Ina zaune a layi na ashirin don in sa ido. Ana cikin waƙar farko sai na ga 'yar tasa ta fito daga cikin mawaƙa da rigarta, ta bi tsakiyar coci ta yo baya, ta zauna kusa da shi. Ya zabura, ya ce mata a hankali ta tashi, nan ba wurinta ba ne, mutane na kallo.

“Idan ni ce abin da ba a gafarta ba, Baba, to nan ne wurina,” in ji ta. “A nan ma za a ɗaura mini auren.”

Aka fara kiran layi-layi. Ya dafe goshi kamar kullum, ita ma ta dafe nata. Ita da ba ta taɓa fashin jibi ba tun da aka yi mata baftisma. Layinmu ya tashi, ni na ƙi motsi, ina kallonsu ta gefen ido. Na ga ya buɗe ido ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

“Uwata, ban taɓa jin kunyarki ba. Kunyar kaina nake ji.”

“To ni ta ci,” ta ce, ba ta ko ɗago ba.

Fasto ya riga ya fara rufe faifan da farin ƙyalle lokacin da bencin ya yi ƙara. Yaya ne ya miƙe. Ya miƙa mata hannu, ta kama, suka shiga hanya. Babu wanda ya kira sunansa. Ya wuce benci ashirin da ɗaya yana dafa kowanne da ɗayan hannun, coci ta yi tsit, matarsa ta cusa bakin zane a baki. Fasto ya yaye ƙyallen, ya miƙa masa gurasa ya ce wannan jikin Kristi ne da aka bayar dominka. Hannun da bai taɓa kuskure kan ƙusa ba ya kasa ɗaga ƙaramin kofi, sai da ta tallafa masa.

Na ci kuka na ƙoshi, kuma ina kukan ina jin haushinsa. Shekara ashirin da bakwai, jama'a, a kan tafiyar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Da aka tashi na tare shi a bakin ƙofa da niyyar in zazzage masa duk abin da ke cikina. Bai bar ni na fara ba. Ya ce benci na takwas yana rawa, gobe zai zo da guduma, ba zai yarda ya rako 'yarsa ta gaban benci mai rawa ba. Ya juya yana neman matarsa a cikin jama'a, da ya same ta ya kama hannunta, rana tsaka, suka tafi gida.