Mai Lemo da Ƙwarin Wake

Shekara talatin da ɗaya Mai Lemo ya yi yana fere lemo a bakin tashar mota, a kan benci guda, da wuƙa guda wadda wasawa ta cinye har ta kusa komawa tsinke. Ba ya son barin datti a inda yake neman abinci, don haka kullum in zai tashi sai ya tattara ɓawon a buhu ya kai gida. Matarsa takan shanya ta riƙa hura wuta da shi, ragowar kuma ta jibge a lungun ɗakin ajiya.

A lungun nan abin ya samo asali. Wata shekara suka sayi wake buhu biyu da kaka. Bayan wata huɗu matarsa ta kwance na bakin ƙofa, ta tarar ƙwari sun huda shi kamar rariya, sai gari da wari. Na lungu kuwa, wanda busasshen ɓawo ya binne, da ƙyar ta tsinci 'yan ƙwayoyi masu rami.

"Sa'a ce kawai, Malam," in ji ta.

Shi dai bai yarda ba. Ya tara gwangwanayen madara ya shiga gwaji. Karon farko ɗanyen ɓawo ya cusa, wake ya yi funfuna, mudu uku suka tafi juji. Matarsa ta dubi ɓarnar, ta dube shi.

"Ai ƙwarin ma sun fi ka imani, su ko rabi sukan bar mana."

Ya yi dariya, amma maganar ta ci masa rai. Sai da ya yi kaka uku kafin ya gano kan abin: a busar da ɓawon a inuwa don kada ƙamshin ya gudu, a daka da ganyen darbejiya da ɗan barkono, a barbaɗa tsakanin waken. Ranar daka, kowa a gidan sai atishawa, har maƙwabta.

Yayansa, mai sayar da hatsi a kasuwa, shi ya fi kowa yi masa tsiya. "Ga likitan wake nan tafe!" Shi hodar kashe ƙwari ta kanti yake zubawa a sitonsa. Ana nan mata suka fara shinshina wakensa suna mayarwa cikin kwano, wai ko an wanke sau uku warin maganin ba ya fita. Ciniki ya ja baya.

Wata safiya sai ga yayan a tasha. Ya zauna a benci, ya sha lemo biyu, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ya yi gyaran murya.

"Wai garin ɓawon nan naka, zai riƙe buhu arba'in?"

"Ba zai riƙe ba, Yaya, in waken da danshi, ko ƙwaro ya riga ya shiga. Kora yake yi, ba kisa ba. Ka shanya kwana uku, ka share siton, ka toshe ramukan bango. Sannan ka aiko."

Tun suna yara Mai Lemo bai taɓa sa yayansa aiki ba. Da ya leƙa siton washegari ya gan shi duƙe da tsintsiya, hula cike da yanar gizo, sai ya juya da sauri don kada a ga fuskarsa.

A cikin buhu arba'in, biyu ne suka lalace. Labari ya zaga kasuwa. Yanzu masu fere lemo na wasu unguwanni ma gidansa suke kawo ɓawo, matarsa ce mai auna haɗin, kuma ba ta yarda kowa ya taɓa mata turmi. Duk wanda ya zo koyo, Mai Lemo zai zaunar da shi ya nuna masa tun daga shanya har ɗaurin buhu, ba ya ɓoye komai. Ƙarfe bakwai kuma yana kan bencinsa, don fasinjojin motar farko ba sa jira.