Matar da Ke Neman Gaskit

Ina zaune a bencin wani shagon kayan mota ina jiran takalmin birki, sai ga ta. Ta haura hamsin, tabarau ya sauko mata kan karan hanci, ga baƙin mai a ƙarƙashin farcenta. Tana rungume da tsohon gaskit, siririn farantin nan da ke toshe haɗin kan inji, dogo, mai ramuka shida a jere, ya ƙone tsakanin na uku da na huɗu.

Mai shagon ko karɓa bai yi ba. "Hajiya, an daina yin irinsa. Ki sauke injin nan ki sa na zamani, ki huta."

Ta lumshe ido, ta sauke numfashi a hankali. Da gani yau ta sha jin wannan magana.

"Malam, na ƙara masa kafireto, na canja salansa, lafiyarsa ƙalau. Gaskit na tambaya, ba shawara ba."

Ni dai ina ta hasashe: ko motar mahaifinta ce, ko kuwa ita ta saye ta tun tana budurwa. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka.

"Yaya, ka gaya wa bakaniken kada ya kwance ko noti ɗaya. Mako guda ka ba ni in nemo gaskit kafin a sauke injin, saura kwana biyu."

Ta saurari amsarsa. Ta kashe wayar, ta tsallake kwata zuwa shagon gaba. Ina hango mai shi yana girgiza kai tun ba ta gama sallama ba.